Tambaya da Amsa: Amanar da George Ya Ɗauka Shi Kaɗai

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan littafi ɗaya suke, wato Of Mice and Men na marubucin Amurka John Steinbeck, wanda ya fito a 1937. Mun tsamo guda shida, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili. Wanda bai karanta littafin ba ya sani cewa za mu faɗi yadda ya ƙare, domin ba a iya maganar wannan abota a tsallake ƙarshenta.

Assalamu alaikum. An ba mu littafin nan mu karanta, amma Turancinsa ya sha mini kai. Don Allah ku warware mini labarin, kuma me ya haɗa ɓera da mutane a sunansa?
Wata ɗaliba, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, 'yarmu. Kada Turancin ya karya miki gwiwa. Steinbeck ya rubuta hirar mutanensa yadda leburorin gona suke furta ta, suna haɗiye haruffa, suna karya nahawu. Ki riƙa karanta hirar da murya, kunne zai kama abin da ido ya kasa.

Labarin gajere ne, babi shida, kuma komai ya faru ne daga yammacin Alhamis zuwa yammacin Lahadi. George Milton da Lennie Small 'yan ƙodago ne masu bin gonaki a jihar Kalifoniya, irin 'yan ci-ranin da ba su da ranar komawa gida domin gidan ma babu. George ƙaramin jiki ne, mai wayo da kaifin baki. Lennie ƙato ne mai ƙarfin gaske, amma fahimtarsa ta yaro ce: yana da mantuwa, yana son shafa abu mai laushi, kuma bai san iyakar ƙarfin hannunsa ba. Gwaggonsa Clara ce ta raine shi, da ta rasu sai ya bi George.

Gudowa suka yi daga garin Weed. A can Lennie ya kama jar rigar wata yarinya don ya ji laushinta, ta kurma ihu, ya ruɗe ya ƙara damƙewa, aka ce fyaɗe ya yi mata, mutanen gari suka fito nemansa. Suka wuni a ɓoye cikin magudanar ban-ruwa, da dare suka sulale. Yanzu sun sami aikin ɗaukar buhunan sha'ir a wata babbar gona kusa da garin Soledad, a kwarin kogin Salinas, kowannensu dala 50 a wata, ga abinci ga makwanci. Burinsu su tara kuɗi su sayi 'yar gonar kansu, Lennie ya yi kiwon zomaye.

A gonar akwai Curley, ɗan mai gona, ɗan dambe mai neman rigima, da amaryarsa wadda kaɗaici ya addabe ta. Ranar Lahadi ta iske Lennie shi kaɗai a ɗakin ajiyar ciyawa, ta ce ya taɓa gashinta ya ji laushi. Ya taɓa, ya ƙi saki, ta yi ihu, ya toshe mata baki ya girgiza ta, wuyanta ya karye. Curley ya tara mutane da bindigogi. George ya riga su isa inda Lennie ya ɓuya a bakin kogi, ya harbe shi da hannunsa.

Sunan kuwa daga waƙar wani mawaƙin Sukotilan aka ɗauko shi, Robert Burns, ta 1785. Manomi ne yana huɗa, garmarsa ta rushe sheƙar da ɓera ya gina don sanyin hunturu, sai ya ga ashe shirin ɓera da na ɗan Adam duk sukan wargaje. Mu cewa muke yi, kana naka Allah na nasa. Ki kuma riƙe lokacin da aka rubuta shi: tattalin arzikin Amurka ya durƙushe daga 1929, a 1933 kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki. Steinbeck haifaffen Salinas ne, a 1902, kuma ya yi aikin gona tare da irin waɗannan leburori yana saurayi. Sunan garin ma, Soledad, kaɗaici yake nufi da Sifaniyanci.

Ni ban yarda George aboki ba ne. Yana zagin Lennie, yana riƙe masa takardar aiki, yana hana shi magana gaban mutane. Anya ba guminsa yake ci ba?
Wani makaranci, Kawo

Malam, mai gonar ma abin da ya fara zargi ke nan. Da ya ga George ne ke amsa duk tambayar da aka yi wa Lennie, sai ya tambaye shi kai tsaye ko albashin mutumin yake karɓewa, domin bai taɓa ganin wani ya wahala haka a kan wani ba. Wannan zargi yana nuna irin duniyar da suke ciki, inda kowa ta kansa yake yi.

Amma a duba lissafin. Me George ya samu? Dala 10 ce kacal tsakanin su biyun. Kowane aiki suka samu, Lennie ne sanadin rasa shi. Takardar aikin da ya riƙe kuwa, a babi na farko Lennie ya laluba aljihu ya tsorata cewa ya yar da tasa, George ya ce dama bai taɓa ba shi ba. Riƙon waliyyi ne wannan. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 5, ya hana a miƙa dukiya ga wanda ba zai iya juya ta ba, ya ce a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma gaya masa magana mai daɗi. George ya cika na farko da na biyu. A na uku ne yake tuntuɓe, gajiya takan sa shi ya yi ta zazzaga wa Lennie cewa da shi kaɗai ne da ya huta. Sai dai duk sanda Lennie ya ce to bari ya tafi ya nemi kogo a tsauni ya zauna, George ne ke sauka ya lallashe shi.

Ba haka ya faro ba, kuma shi da bakinsa ya faɗa. A babi na uku ya gaya wa Slim, shugaban masu korar alfadarai, cewa a da wasa yake yi da hankalin Lennie don ya burge mutane. Wata rana a bakin kogin Sacramento ya ce masa ya faɗa ruwa, Lennie ya faɗa alhali bai iya iyo ba, da kyar aka tsamo shi. Da ya fito sai ya hau yi wa George godiyar ceto, ya manta wanda ya tura shi. Daga ranar George ya daina. Nan abota ta koma amana: ya gane cewa a hannunsa akwai mutumin da zai aikata duk abin da ya ce, ko da halaka ce.

Inda muke ganin laifin George daban ne da inda kake gani, Malam. Ya ɓoye matsalar. Ya shirya wa mai gona ƙarya cewa Lennie ɗan uwansa ne kuma doki ne ya harbe shi a ka yana yaro. Abin da ya faru a Weed, Slim kaɗai ya gaya wa. Muna gane dalilinsa, da ya faɗi gaskiya da ba a ɗauke su aiki ba. Amma sakamakon shi ne babu mai tayawa da sa ido. Daren Asabar ya bi leburori cikin gari ya bar Lennie. Ranar Lahadi da la'asar yana waje wurin wasan jifa da takalmin doki, Lennie na ɗakin ciyawa shi kaɗai, matar da ta shigo kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa hannun nan in ya kama ba ya saki. Mutum ɗaya ba ya gadin mutum dare da rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Sandar da George ke riƙe Lennie da ita ita ce barazana: in ka yi laifi, ba kai ba kiwon zomaye. Wannan tsoro ne ya kashe matar Curley. Lennie bai toshe mata baki don mugunta ba, ya toshe ne don kada George ya ji ihu ya hana shi zomayensa.

Na yi shekaru a masaƙa kafin a rufe ta, na san mafarkin mallakar abin kanka. Gonar nan da suke ta zance, da gaske za ta sayu, ko tatsuniya ce George yake yi wa yaro?
Wani dattijo, Kakuri

Baba, Allah ya ƙara girma. Duka biyun ne, kuma a nan gwanintar littafin take. Da farko tatsuniya ce. George yana rera ta da kalmomi iri ɗaya kullum, Lennie ya haddace har yana cafe masa baki, amma ya fi so ya ji daga George. Sai a babi na uku muka ji ashe gonar tana nan. Eka 10 ce, da 'yar bukka, da injin jan ruwa mai aiki da iska, da akurkin kaji, da lambun 'ya'yan itatuwa, da wurin shuka ciyawar zomaye. Masu ita tsofaffi ne, kuɗi sun ƙare musu, tsohuwar kuma tana buƙatar tiyata. George ya ce za su sallama a dala 600.

A kan takarda, albashin su biyu dala 100 ne a wata, wata shida ba tare da kashe ko sisi ba sun haɗa. To amma ba su taɓa daɗewa haka a wuri ɗaya ba, kuma lebura in ya karɓi albashi a ƙarshen wata, gari yana jiransa da mashaya. Abin da ya canza lissafin shi ne Candy, tsohon mai shara da ya rasa hannu ɗaya a gonar shekara huɗu da suka wuce. An biya shi diyyar dala 250, ya tara 50, wata 50 na zuwa ƙarshen wata: 350 ke nan. A haɗa da 100 ta George da Lennie, an sami 450. George ya ce yana ganin za a karɓi wannan a matsayin kafin alƙalami, shi ya ci gaba da ƙodago ya cike ragowar 150, Candy da Lennie su tare su fara sayar da ƙwai. Candy har cewa ya yi zai rubuta wasiyya ya bar musu kasonsa, don ba shi da kowa. Marubucin ya nuna su ukun sun yi tsit suna kallon juna, abin da ba su taɓa gaskatawa ba ya matso saura wata ɗaya.

Ka lura, Baba, kuɗin da ya kusa sayen gonar kuɗin hannun da aikin ƙodago ya cinye ne. Wanda ya yi aikin masaƙa ya san wannan ba sai an fassara masa ba, haka waɗanda suka ga masaƙun Kakuri suna rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000 suna jiran haƙƙin sallama. Crooks, baƙar fata mai kula da dawaki wanda aka ware shi a ɗakin ajiyar linzamai saboda launinsa, ya ce ya ga ɗaruruwan leburori kowa da 'yar gona a kansa, ba wanda ya taɓa samu. Amma da ya ji kuɗin suna hannu, shi ma sai ya roƙi a tafi da shi ya yi musu noma ko ba lada. Gonar ba ta faɗi don kuɗi sun gaza ba. Bayan mutuwar matar, Candy ya tambayi George ko su biyu za su ci gaba, George ya kasa. Don Lennie yake rera ta, ba Lennie ba gona.

Ina koyar da adabin Turanci. Yaya zan raba littafin, kuma me ya sa aka ɓata shafuka a kan kashe tsohon kare?
Wata malama, Sabon Tasha

Malama, ki bi ginin marubucin. Ya tsara littafin ne yadda za a iya mayar da shi wasan kwaikwayo, aka kuma yi hakan a shekarar da ya fito. Kowane babi dandali ɗaya ne: bakin kogi, ɗakin kwanan leburori sau biyu, ɗakin Crooks, ɗakin ciyawa, sai a koma bakin kogi. Darasi shida ke nan, da na bakwai don muhawara. Ki raba wa ɗalibai muryoyi su karanta a tsaye. Ki riga su dubawa, akwai ashar da kalmar cin mutuncin baƙar fata, ki yi musu bayani kafin su ci karo da su.

Ki sa su zana layi huɗu a allo: ɓerayen da suke mutuwa a hannun Lennie garin shafa, rigar Weed, kwikwiyon da ya kashe garin wasa, matar Curley. A ƙarƙashin kowanne su rubuta abin da Lennie ya taɓa, abin da ya tsorata shi, da abin da hannunsa ya yi. Da kansu za su gano zaren: laushi, sai motsi ko ihu, sai tsoro, sai damƙa. A Weed sai da George ya buga masa katakon shinge a ka ya saki. Ranar da ya murƙushe hannun Curley, sai da George ya yi ta marinsa. Ɗalibin da ya ga wannan ba zai rubuta cewa Lennie mugu ne ba, ba kuma zai rubuta cewa ba shi da haɗari ba. Waɗannan biyun su ne kurakuran da suka fi yawa a amsoshin ɗalibai. Na uku shi ne ɗora wa matar laifi. Ki tambaye su me ya sa marubucin bai ba ta suna ba, kuma wa ta samu ta yi hira da shi tun da aka kawo ta.

Karen kuwa shi ne mabuɗin ƙarshen littafin. Na Candy ne, tun yana kwikwiyo yake tare da shi, ya tsufa, ba haƙori, ba gani sosai. Carlson, ɗaya daga cikin ma'aikatan gonar, ya dame su cewa yana wari, ya nuna daidai ƙeya inda zai harba don kada ya ji zafi. Candy ya dubi fuskoki yana neman mai goya masa baya, bai samu ba. Aka fita da karen, ɗakin ya yi shiru, ana jin George yana motsa katin karta ba mai wasa, har ƙarar bindiga ta zo daga nesa, Candy ya juya fuska ga bango. Daga baya ya ce wa George da ya sani da shi ya harbe karensa da kansa, bai bar baƙo ya yi ba. Bindigar nan ce George ya ɗauke ranar Lahadi, kuma a ƙeya ya harba.

To George ya yi daidai da ya kashe shi? A ajinmu an ce wannan ne ƙololuwar abota.
Wani ɗalibi, Zariya

Ƙanenmu, mu ba mu ce haka ba. Amma bari mu fara shimfiɗa abin da ke gaban George, don kada a yi masa hukunci a sama-sama.

Shi ne ya fara ba da shawarar a kamo Lennie a kulle. Slim ya ce zai yiwu da za a iya tsare Curley, amma Curley ya rantse a ciki zai harbe shi, wato mutuwar azaba. Slim ya ƙara da cewa ko an kama shi, ɗaure shi za a yi a sa a keji, wannan ma ba alheri ba ne. Ba zancen banza ya yi ba. A wancan zamani masu tawayar fahimta a Amurka gidajen kulle ake kai su, jihar Kalifoniya kuma tun 1909 take da dokar da ta halatta yi musu aikin hana haihuwa da tilas, wadda aka yi wa mutane kimanin 20,000 kafin a soke ta a 1979. George ya karkatar da masu neman zuwa kudu, ya nufi inda suka yi alkawari tun daren farko, cikin duhuwar bakin kogi. Ya ce wa Lennie ya cire hula ya dubi ƙetaren ruwa, ya tabbatar masa cewa ba ya fushi da shi kuma bai taɓa yi ba, ya rera masa zancen gona da zomaye. Hannunsa na rawa, muryoyin mutane na matsowa. Lennie ya mutu yana murna.

Wanda ya karanta wannan bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba, bai karanta ba. Amma tausayin George daban, halaccin abin da ya yi daban. A addininmu rai ba mallakin aboki ba ne, kuma ba a kashe mutum don a hutar da shi. Bayan haka, hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda ba shi da hankali har ya samu. Malaman fiƙihu sun ce wanda aka tabbatar ba shi da hankali in ya yi kisa ba a yi masa ƙisasi, diyya ce take hawa kan danginsa. Tabbatarwar kuma aikin alƙali ne da masana, ba na mijin da ke cikin fushi ba, ba kuma na aboki ba. Matar da ta mutu ita ma tana da haƙƙin a zauna a yi shari'ar jininta. Lennie bai sami alƙali ba, ita ma ba ta samu ba.

Mu a karatunmu, Steinbeck bai kawo harbin don a yi koyi ba. Ya kawo shi ne don a tambayi yadda aka yi gona cike da maza, har da mai hankali irin Slim, ta rasa hanyar da ta wuce harsashi. Wanda ya taɓa ganin yadda ihun ɓarawo yake tara jama'a a kasuwa cikin minti biyu ya san ƙafafun da George yake ji suna tahowa. Ka duba yadda aka rufe littafin: Slim ya ja George su tafi, Carlson kuwa yana mamakin me ke damun su biyun. Ko a jikinsa.

Na karanta littafin na yi kuka, domin ƙanena haka yake. Shekarunsa 24, ƙato ne, mahaifiyarmu ta rasu, riƙonsa ya dawo kaina. Me zan yi kada abin ya kai mu inda ya kai su?
Wata baiwar Allah, Rigasa

'Yar uwa, Allah ya jiƙan mahaifiya, ya saka miki da alheri. Ki fara kwantar da hankalinki: Lennie mutumin littafi ne da aka gina don bala'i ya auku. Yawancin masu irin wannan lalura ba sa cutar da kowa, su aka fi cuta, a ci guminsu, a doke su, a ɗora musu laifin wani.

Ki fara da sanin abin da ke damunsa. Tawayar fahimta da mutum ya taso da ita tun yarinta daban take da ciwon taɓin hankali da ke zuwa daga baya, mai sa jin muryoyi ko rashin barci. Ta farkon takan samo asali daga doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko bugu a ka, wani lokaci kuma halitta ce. Ba ƙwayar da ke warkar da ita, horo da tsari ne maganinta. Amma abubuwan da sukan biyo ta, kamar farfaɗiya da yawan firgita, suna da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa nan ne wurin da za a auna shi. Kada kowa ya ba ki shawarar sa masa mari a ƙafa ko kulle shi a ɗaki. Ɗauri yana ƙara tsoro, tsoro kuma shi ne abin da ake gudu.

Ki ɗauki abin da George ya yi daidai. Umarni ɗaya yake bayarwa a lokaci ɗaya, da gajerun kalmomi, ya sa Lennie ya maimaita, ya yaba masa in ya tuna. Wurin ɓuyan da ya nuna masa da ido a daren farko, shi ne abin da Lennie bai manta ba a ranar tashin hankali. Ke ma ki zaɓi wuri ɗaya, gidan wata 'yar uwa ko shagon wanda kika yarda da shi, ki taka da shi zuwa can sau da yawa, ba da baki kawai ba, har ƙafarsa ta san hanya. Ki sa masa kati a aljihu mai sunansa, da unguwa, da lambar waya biyu, ki ɗinka wani a cikin rigarsa don kati yana faɗuwa.

Ki kuma guji abin da George ya yi kuskure. Kada ki ɓoye. Mai unguwa, da limamin masallacinku, da maƙwabta na kusa, da duk wanda zai ba shi aiki, su san halinsa daga bakinki: abin da ke tsorata shi, da abin da ke kwantar da shi. Ranar da wani abu ya faru a kan titi, mutumin da zai ce ku tsaya, na san shi, shi ne zai tsaya tsakaninsa da taron jama'a. Kada ki riƙe shi da barazanar ƙwace abin da ya fi so, domin hakan ɓoye laifi yake koyarwa. Ki saba masa cewa in ya fasa abu ya zo ya faɗa, yabo zai fara samu kafin gyara. In ya ruɗe ya damƙe wani abu, a rage mutane, a daina ihu, murya ɗaya da ya sani ta kira sunansa a hankali, a miƙa masa wani abin ya riƙe. In kin lura bai san ƙarfin hannunsa ba, kada a bar shi shi kaɗai da jarirai ko ƙananan dabbobi, kuma a koya masa neman izini kafin ya taɓa mutum ko kayan jikinsa, ana maimaitawa kullum.

In yana aiki, dako ko ga-ruwa ko gona, ke ko wani amintacce ku yi cinikin ladan, a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe masa a littafi, wani daga dangi yana gani. Wannan zai kare shi daga masu cin gumi, ya kare ki daga zargi.

Sai babban abu. Ki tara dangi tun yanzu, ki nemi a raba kwanaki da hidima a fili: wa zai ɗauke shi ranar Juma'a, wa zai biya kuɗin asibiti, wa zai karɓe shi in kin yi tafiya ko rashin lafiya. A faɗi sunan mutum biyu bayanki, shi ma ya saba da kwana a gidajensu tun kina nan. Ranar zuwa Barnawa ki tafi da dattijuwar da ta san haihuwarsa da yarintarsa, da duk maganin da yake sha a cikin kwalinsa, domin tambayoyin farko da likita zai yi a kan shekarunsa biyar na farko ne: yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya fara magana, kuma ko ya taɓa suma ko shiɗewa.